Baba Ya Ce Ba Zai Hau Jirgi Ba Sai da Kekensa

Anti Batulu, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mahaifina tsohon masinja ne, shekara talatin yana taka baƙin kekensa daga Jiwa zuwa ofis a Garki. Yanzu idonsa ɗaya ya mutu, ɗayan yana bi. Yayana da ke aiki a Masar ya samo masa likita, Baba zai zauna can wata shida. Shi kuwa ya rantse ƙafarsa ƙafar keken nan.

Da na gaji da musu sai na kai keken tasha, masu lodi suka naɗe shi da buhu suka tamke da robar taya, Mama kuma ta cusa kuka da daddawa a tsakiya. Ranar Litinin a filin jirgi ma'aikata suka ce wannan lodin motar kasuwa ne, sai an kwance shi an sa a kwali. Baba ya ce tun da ya saye shi ba wanda ya taɓa sa masa sifana sai shi. Muna ja-in-ja jirgi ya tashi. An ɗaga mana zuwa Asabar, likita ya ce idan muka sake saɓawa sai bayan wata uku. Haushi kamar ya kashe ni, ko gaishe shi ban yi ba yau. Mijina ya ce in ɓoye keken in ce an sace. In yi?

Mai takaici, Garki

'Yar'uwa, kada ki yi. Ranar da ya gano, ba zai ƙara yarda da maganarki ba. Kina da gaskiya, ido ba ya jira. Amma dattijon da za a kai inda bai san kowa ba, a riƙa jan hannunsa, tsoro yake ji, kuma ba zai faɗa miki ba.

Gobe ki je wurin masu sayar da kekuna ki roƙi kwalin sabon keke. Ki kira kamfanin jirgin ki ji nauyin da suka yarda. Sannan ki gaishe da Baba, ki shimfiɗa masa tabarma, ki miƙa masa sifana. Shi zai cire feda da tayar gaba, ya juya kan keken, ya rage iskar tayoyi. Hannunsa ya san kowane noti ko bai gani ba. Ke naki ki ƙulle notunan a leda, ki naɗe ƙarfen da tsofaffin zannuwa. Daddawa ta bi akwati.

Idan ya tambaya wa zai haɗa keken a can, ki ce shi ne, ranar da aka buɗe masa ido. Allah ya ba shi lafiya, ya kai ku Asabar.

Anti Batulu