Ba na ganin ƙafar Ladidi

Zuwa ga 'yata ta fari, wadda ban taɓa kama sunanta ba har ƙasa ta rufe ta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Iyarki ce. Maƙwabciyata Malama Saude ce take rubuta min, kin san ni ban san baƙi ba. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Maganar Ladidi ce, 'yar da kika bar min tana shan nono. Ta zama mace, amma sikilar nan ba ta sake ta ba. Damina uku ke nan gyambo ya fito mata a bayan idon sawu. Ƙaiƙayi ne fa, ta sosa. Ya rufe mu yi murna, ya sake buɗewa.

Wani suna muka je, mata suka riƙa jan tabarma suna toshe hanci da mayafi. Tun ranar ta rantse ba mai ƙara ganin ƙafarta sai ni. Ita kanta ba ta gani. Ƙugunta ya ƙage, ba ta iya lanƙwasawa, kuma da na fara kwance ƙyallen sai ta juya fuska bango.

Wata nas a Haɗeja ce ta koya min wanke gyambon da ruwan gishiri. Ta ce, "Iya, in ja ne, yana da rai. In kika ga baƙi ko kore, ko a ka ne ki ɗauko ta, kada ta kai ga yanka."

To ga abin da ban gaya wa kowa ba. Idona ya tafi. Tun yankan shinkafar bara yana ta rufe min, hayaƙi kawai nake gani. Da yatsa nake lalube, da hanci nake aunawa. Kullum da safe sai ta ce, "Tsohuwa, yaya yake yau?" In ce, "Ja wur, ya kusa." Ƙarya nake, wallahi. Ban sani ba.

Shekaranjiya warin ya sake, ba wanda na saba ji ba ne. Inda yatsana yake taɓa nama, sai ya nutse. Ta tambaya, na ce ja ne. Ta ji daɗi har ta cinye tuwonta.

Ga ruwa ya cinye hanyar Auyo da muke bi zuwa asibitin Haɗeja. Kwalekwale ba ya ƙarasowa bakin gari saboda ciyawa, sai an taka ruwa har gwiwa. Da wace ƙafar?

Malama ta ajiye biro tana share ido, ta ce ita za ta duba gobe. Sai fa in Ladidi ta yarda. Taurin kanki ta ɗauko kaf. Tsoro nake ji ta ce gara ta ruɓe da wani ya gani. Tsoro nake ji kuma ta daina yarda da ni, ni kaɗai fa take da ita.

Ki yafe min, 'yar nan. Amana kika ba ni, na riƙe ta da makanta na yi shiru. Gobe in ta tambaye ni, zan ce mata ba na gani.

Allah Ya haskaka kabarinki. Allah Ya tausasa zuciyar Ladidi ta bari a duba. Allah Ya sa ja ne.

Iyarki.