Surukata tana ji, 'ya'yanta ba su sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Cokali ne ya suɓuce mini ya faɗi a siminti, ina bayan surukata Inna, sai na ga ta waiwayo. Muka haɗa ido, ta ɗora yatsa a bakinta. Daga nan na shiga wannan hali.

Inna ta daɗe da kurmancewa, tun tana ƙauyensu Katuru, kafin rashin tsaro ya sa maigidana ya ɗauko ta zuwa gidanmu a Ƙaura. Bara autanta ya kai ta aka yi mata aiki, aka dasa mata na'ura a cikin kunne, da wata 'yar ƙarama da ke mannewa ta waje, ana yi mata caji kamar waya. Likita ya ce tsofaffi sukan ɗau watanni kafin su fara gane magana, a yi ta hira da ita a hankali. Da aka kunna ta ce ba ta jin komai sai ƙara kamar injin niƙa, sai 'ya'yanta suka ce aikin bai yi ba, suka watsar. Ni dai na ci gaba da yi mata cajin, ina sa mata karatun Alƙur'ani a waya. Abin yana ƙarƙashin kallabinta, babu mai ganin ta sa ko ba ta sa ba.

To sun saba magana a gabanta. Ƙanwar maigidana takan zo daga Shinkafi, ta miƙa mata kunu tana murmushi tana cewa, “Karɓi, tsohuwa, kin ƙi ji kin ƙi tafiya.” Maigidana ya yi dariya. Ranar Juma'a a gabanta suka yanke cewa bayan Sallah za a mayar da ita Katuru don maigidana yana son ɗakinta, da na ce hanyar fa, sai ya ce ko 'yan bindiga ba za su ɗauki kurma ba. Inna ta ci gaba da jan carbinta. Ni ce na tashi na shiga madafa.

Da suka fita na durƙusa na roƙe ta ta bari in faɗa musu. Ta ce, “Ɗiyata, in sun sani shiru za su yi, ba canzawa ba. Amana na ba ki.”

'Yan uwa ina tsoron Allah. In na faɗa na ci amanarta, kuma na san maigidana, cewa zai yi mun haɗa baki mun yi masa tarko, ƙila ma ya gaggauta mayar da ita. In na yi shiru kuma ina kallo yana tara wa kansa alhakin uwa kullum, ita kuma tana haɗiyewa, abinci ma ta rage ci. In faɗa masa ne, ko in kira autan, ko in riƙe amanar? Wanne ne ba zai cutar da ita ba?

Abin da ya sa na kasa ƙara jira, jiya 'yata Husna, mai shekara biyar, ta same ni ina tankaɗe, ta buɗe tafin hannunta, ga na'urar a ciki. Ta ce, “Umma, Inna ta ce in jefa a rijiya, wai ta ji abin da ya ishe ta. In jefa?”