Kaset ɗin Shanun Huɗa Na Hannunka, Yaya Sahabi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk ƙasar da Allah ya ajiye ka. Ni ne Almu, ƙanin amininka Ladan mai gyaran keke na bakin kasuwar Kebbe. Tun da ka haura Arewa, ka ƙetare iyaka neman aiki, lambarka ta daina shiga, shi ya sa na shimfiɗa maganar a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Yaya Ladan ba lafiya. Hawan jini ya buge shi ana tsakiyar girbin gero, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Na ɗauko shi zuwa gidana a Tambuwal don mu fi kusa da asibiti. Abinci sai an lallaɓa. Ba ya kiran sunan kowa, har matarsa. Abu ɗaya ya rage a bakinsa, wani guntun kiɗa da yake gunguni da shi, yana buga gefen katifa da hannun hagu.

Kai ka kawo mana kiɗan nan. Ka tuna lokacin da kake bin motar albasa zuwa Ikko, ka dawo da wani kaset fari fat, ba hoto ba rubutu? Ka ce na wasu Turawa ne masu gashi har kafaɗa, su suka fara kiɗan da ake kira hebi metal. Kuka rataye rikoda a reshen dogon yaro, jita tana kururuwa, ganga tana dukan ƙirji, masu kawo faci suna kallonku kamar an ce kun taɓu.

Inna, Allah ya jiƙanta, takan leƙo ta katanga ta ce, "Wanga ba kiɗi ba na, maƙera na ka faɗa." Ku ko a jikinku.

Ba ku san sunan waƙa ko ɗaya ba, sai kuka raɗa musu naku. Wadda Yaya Ladan ya fi so kuka sa mata Shanun Huɗa, don tana tafiya a hankali, da nauyi, taku bayan taku. In ta zo yakan ajiye sifana, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata, ga su nan sun taho." Ita yake gunguni yanzu. Na gane ta tun ranar farko, sai da na fita waje na share hawaye.

Da na ji an tattara fitattun waƙoƙin mutanen nan an fitar wuri guda, na ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi. Na sauke su a waya, na zauna kusa da kansa, ina sa masa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta fara sai ya buɗe ido, ya kasa kunne, can sai ya juya fuska bango. Haka muka yi har suka ƙare.

Na shiga zauren masoyansu a intanet da ɗan Turancina na malamin firamare. Yaya Sahabi, ashe mahaukata irinku sun cika duniya. Wani na rantsuwa wannan tarin cin amana ne, an cika shi da waƙoƙin da ake sa wa a rediyo an bar na gaske. Wani ya ce duk abin da aka yi bayan tafiyar mawaƙinsu na farko ba ya ƙirga shi. Wata mata ta ce an wanke sautin har ya fita hayyacinsa, ita tsohon faifanta mai ƙaraf-ƙaraf ya fi mata. Suna ta cacar baki a kan wadda aka sa a farko da wadda aka sa a ƙarshe, ni kuwa ina karantawa ina jin haushi, don ni waƙa ɗaya tak nake nema kuma ban san sunanta ba.

Na naɗi gungunin Yaya Ladan na tura musu. In faɗi gaskiya, sun ajiye faɗan sun taya ni. Wannan ya ce waccan ce, wancan ya ce a'a. A ƙarshe wani dattijo a cikinsu ya rubuta cewa ya san kowace waƙa tasu tun yana saurayi, suna da masu tafiyar hawainiya, amma babu mai jan ƙafa haka.

Maganarsa ce ta tuna mini da batir. Yaushe kuka taɓa sa wa rikodar nan sabon batir? Kullum tsofaffi ne, a jera su bisa kwanon shago rana ta gasa su, a ɗan ƙwanƙwasa da dutse, a mayar. Kaset ɗin ja yake yi, muryar Baturen ta yi kauri, gangar ta yi nauyi. Mu duka mun ɗauka haka aka yi waƙar. Wataƙila Shanun Huɗa na cikin wannan tarin, na sa masa ita da hannuna, ta wuce shi da gudu bai gane ta ba.

Mutanen zauren sun rage wa wasu waƙoƙin sauri sun turo mini. A kan ɗaya yatsun Yaya Ladan suka motsa, sai kuma ya rufe ido. Har yanzu ban san wace ce Shanun Huɗa a cikinsu ba, ban san iya jan da za a yi mata ba. Waya kuwa ba ta san jan ƙafa ba, in cajinta ya ƙare mutuwa take yi kawai.

Rikodar na nan, na ɗauko ta daga shagon, na goge ta, har na shanya tsofaffin batura a kan katanga. Kaset ɗin ne babu. Matarsa ta ce kai ya ba wa ranar da ya raka ka tasha, ya ce ka tafi da shi ya ɗebe maka kewa.

Yaya, ina jin tsoro. Da farko yakan kai gungunin har inda ganga ke shigowa. Yanzu rabi yake yi ya tsaya, ya zuba mini ido, yana jiran in ƙarasa masa. Ni ban iya ba. Na gwada, sai ya girgiza kai.

In kaset ɗin na hannunka, ka ba duk direban da zai biyo ta Sakkwato, zan je in karɓa ko a ƙafa. In ya ɓace, ka kira ni kawai in kanga masa wayar a kunne, ka ƙarasa masa da bakinka yadda kuka saba jinta.

Allah ya tsare ka inda kake, ya sa kana raye, ya kai maka wannan saƙo da wuri. Allah ya ba Yaya Ladan sauƙi, ya sa wahalar nan ta zame masa kaffara. Amin.

Baturan sun yi zafi tun ɗazu, ban kwashe su ba.

Ƙaninka,
Almu