Ƙullin Baba a Tsakiyar Ɗinki

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga yayarka, wadda takardar nan ba za ta iya ɗauke ta duka ba. Ina roƙon Allah Ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya buɗa maka a sana'arka, Ya tsare ka daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwa ce dai ke yi mata gardama in za ta miƙe, amma bakin nan lafiyarsa lau, har yanzu ita ke yanke hukunci a gidan. Maigidana ya koma aiki bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi. Saƙonka ya iso ta hannun direban nan abokinka, kuma tun da 'yata Aku ta sa rigar da ka ɗinka mata ba wanda ya huta a unguwa, gida-gida take bi tana shelar kawunta ne ya yi mata da hannunsa. Allah Ya saka da alheri. Akwai magana a kan rigar nan, amma bari in fara da tawa tukuna.

Auta, baƙon Baba ya zo mini. Na san ka gane, amma zan faɗe shi da sunansa, don rashin faɗar ne ya cuce mu: zuciyata ce take bugun da ba nata ba. Ka tuna yadda muke a shago muna yara, Baba na taka keken ɗinki, sai kawai mu ji ƙarar ta ɗauke? Ya dafe ƙirji, ya ƙura wa bango ido, ya ce baƙo ya zo. Sai kowa ya yi tsit, a kashe rediyo, ko almakashi ba a ajiyewa da ƙarfi, wai in aka kula baƙon ko aka ambaci sunansa zama zai yi. Inna ta taho a guje daga cikin gida da baƙin shayi mai kaurin gaske, wai ya ƙarfafa masa zuciya. Haka muka taso, muna yi wa ciwo ladabi sai ka ce surukinmu. Har ranar da baƙon ya zo bai tafi shi kaɗai ba, muka tarar da Baba a zaune a kan kekensa da rana tsaka, kansa a kan hannunsa.

Ni nawa ya fara ne wata ranar aiki da la'asar, a kan wannan keken dai, tunda ka san ni na gaji shagon. Ina cikin kalmasa zani sai na ji wani abu ya yi tsalle a ƙirjina kamar kifi a bokiti, ya yi shiru, sannan ya kama gudu. Na ɗauke ƙafata daga matakin keken, amma matakin ya ci gaba da rausaya shi kaɗai, sama da ƙasa, kamar akwai wata ƙafar a kai. Na san nauyin ƙarfen ne ke juya shi, ba yau na fara ɗinki ba, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗaga kai na ga kaina a madubin gwajin kaya, hannuna dafe da ƙirji, idona a kan bango, daidai tabon nan da Baba yake kallo. Ban san lokacin da na kashe rediyo ba. Ban gaya wa kowa ba, na tashi na haɗa baƙin shayi mai kauri na shanye.

Daga nan tsoron ya fi ciwon yawa. Ina yanka ina sauraren ƙirjina, ina awo ina sauraren ƙirjina. In zuciyar ta yi gudu in tsorata, in ta yi lafiya in ce shirun me take yi. Na daina rufe ƙofar shago ko iska na kwaso ƙura, don in abin ya faru a gan ni da wuri. Na riƙa kallon Aku tana wasa da ƙyallaye a ƙarƙashin tebur ina tunanin wa zai yi mata kitso. Shayi kuwa na mayar da shi ruwan sha, ina ƙara masa ganye, abin kuma sai gaba yake yi. Maigidana ya tambaye ni me ke ramar da ni, na ce aiki ne. Kai ka san halina, bakina bai mutu ba a kan komai, amma a kan wannan sai na zama 'yar Baba sak.

Ana haka sai tsohon malamin makarantar nan mai farin gemu, abokin cinikin Baba, ya kawo wata riga a rage masa, ya ce tsufa ya cinye masa kafaɗu. Ya ce Baba ne ya ɗinka ta, a shekararsa ta ƙarshe. Da ya tafi na juya ta ciki waje, kamar yadda Baba ya koya mana, cewa tela ba ya kallon fuskar riga sai ya ga bayanta. Na sa reza zan farke gefe, sai na ci karo da ƙulli a tsakiyar layi. Ɗinkin ya taho sambal, ya tsaya, an koma baya an maimaita an ɗaure tam, sannan ya ci gaba. Na ce ko zare ne ya tsinke, na duba, zaren ɗaya ne bai tsinke ba. Na ce ko zaren ƙasa ne ya ƙare, shi ma lafiyarsa lau. Na matsa gaba kaɗan, ga wani. Na matsa, ga wani. Kai ma tela ne, ka san ba a ɗaure ɗinki sai a ƙarshensa, inda aka gama.

Na daɗe zaune da rigar a cinyata kafin in gane. Duk inda ƙullin nan yake, nan baƙo ya zo. Ashe kafin Baba ya ɗauke ƙafa ya dafe ƙirji, sai ya fara ɗaure ɗinkin, don bai san ko zai dawo kansa ba, kada kayan mutane su warware a bayansa. Sai na tuna ranar rasuwarsa ni na zare wandon da ke ƙarƙashin allura, na same shi a ɗaure a rabin ƙafa, har na yi mamaki a lokacin. Auta, layin hannun rigar nan ƙulli ne a kan ƙulli. Mutumin nan ya yi ta sallama da duniya a gabanmu, mu kuma muna tsaye mun yi tsit muna jiran a kawo shayi.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da na jawo kayan da na gama a makon, waɗanda ke rataye suna jiran masu su. Na juya na farko, na juya na biyu. Ƙullin yana nan, a tsakiyar layi, irin nasa, har yadda yake karkata hagu. Ba wanda ya koya mini, ban kuma san ina yi ba. Rana ce tsaka, masu talla na wucewa a ƙofa, amma na ji shagon ya yi sanyi kamar an buɗe rijiya. Na fito ko mayafi ban gyara ba, na sami maigidana a wurin aikinsa, na faɗa masa komai ina kuka. Nan take ya nemi izini ya kai ni asibiti.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ta manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane, ta nuna mini inda layin ya taho daidai da inda ya yi tuntuɓe. Na ce mata na riga na ga irinsa a jikin riga, ta yi zaton wasa nake. Ta ɗaura mini wani ɗan akwati mai auna bugun zuciya, na wuni na kwana da shi, aka ɗebi jini. Ta ce bugun nawa yana kaucewa, amma irin wanda ake bi da magani ne a zauna lafiya, in dai ana zuwa ana dubawa. Da na ba ta labarin shayin, sai da ta ajiye alƙalami. Ta ce baƙin shayi mai kauri haka ingiza zuciya yake, wuta muke kashewa da kananzir. Ta ce tsoron ma yana kiran bugun, bugun kuma ya kira tsoron. Ban iya gaya wa Inna maganar shayin ba, kuma kai ma kada ka faɗa, don da ƙauna ta yi ta dafa shi.

Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina shan maganin a kan lokaci, na bar shayin. In abin ya zo ba na kashe rediyo. Nakan ce da ƙarfi zuciyata na bugawa, ko da Aku ce kaɗai a wurin, in wanke fuska da ruwan sanyi, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali ina ambaton Allah har ya lafa. Likitar ta ce in ya zo da jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, kada in tsaya jarumta, a kawo ni nan take. Tsoron bai tafi duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba, wani lokacin matakin nan in ya rausaya shi kaɗai har yanzu gabana na faɗuwa. Amma ya rage. Kafin mu fito ta tambaya ko ina da 'yan'uwa, ta ce tunda mahaifinmu ya rasu farat ɗaya, lalle su ma a duba su. Na ce ƙanena ɗaya ne, yana nesa, kuma kullum a waya cewa yake lafiyarsa ƙalau.

To, sai ga rigar Aku ta iso. Ta yi kyau, hannunka ya fi nawa, na yarda. Amma ka san 'yar Baba ka aiko wa. Jiya da na wanke ta, na juya ta ciki waje zan shanya. Auta, na gani. Ƙullin yana gefen dama, ƙasa da hammata, wani kuma a kalmasar ƙasa, kuma zaren bai tsinke ba. Na tsaya a gindin igiya da jiƙaƙƙiyar riga a hannuna har ruwan ya ƙare ɗiga. Kada ka ce mini komai, kada ka ce keken ne, na san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Don girman Allah, don darajar Inna, ranar da takardar nan ta same ka ka gaya wa matarka, ku tafi asibiti tare. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi, mun kuma gani da idonmu.

Ka gaishe mini da ƙanwata matarka, ka ce na ba ta amanarka. Ka shafa mini kan Ɗan Lele da jaririyar da ban gani ba tukuna. Inna tana sa muku albarka, maigidana yana gaisuwa, Gwaggo ma ta ce in ba ka kira ta ba ta yafe ka. Aku ta nemi rigarta na ce ba ta bushe ba. Na ninke ta na ajiye a ƙarƙashin matashina, ba za ta sake sa ta ba sai ranar da ka kira ka ce mini likita ya gan ka.

Taka har kullum,
Yayarka ta shagon Baba.