Wanda Ya Cire Eriyar

Da sunan Allah. Da cikakken hankalina nake wannan magana, ko da yake na ji wasu a gidan nan suna cewa tsufa ya taɓa ni. Ƙafa ce ta ƙi, kai yana nan garau. Ban yi makaranta ba, 'yata ce ke rubutawa, kuma na hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, malamai su raba yadda Allah ya ce. Abin da zan lissafa nan na riga na bayar tun ina numfashi, kada wani ya tayar da jijiyar wuya.

Na biyu. Gwangwanayen da ke ƙarƙashin teburin shago ba shara ba ce. Kai ɗana Babba, na ji ka kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya auna su. Auna! Shekara arba'in ina ciro taransistocin da ke cikinsu, 'yan ƙananan kayan nan masu ƙara wa murya ƙarfi, daga matattun rediyo, ɗaya bayan ɗaya, da dalma tana ƙona mini yatsu. Irin na cikin jan gwangwani an daina yinsu. Na kasuwa jabu ne, sati biyu sun mutu. Na jan gwangwanin ne ke riƙe da oba-obar masu fito, rediyon da suke kiran gaɓa da ita. A tsakiyar ruwa wayoyin nan naku na shafa ba sa kamawa. Ranar da injin jirgi ya mutu da mutum talatin a ciki, oba-obar ce kaɗai za ta kira gaɓa. Duk wanda ya sayar da jan gwangwani ban yafe ba.

Na uku. Gwangwanayen na Babba ne, don shi ya san kowane da lambarsa. Mitar gwajin wuta da ƙarfen dalma na ƙanensa Auta ne, don hannunsa ba ya rawa. Na sani ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Da gangan na yi.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na kira mai rubutu. Babba da Auta, shekara uku ke nan ba kwa gaisawa, kan babbar rediyon masu fito da ta ƙone a shago. Babba ya ce Auta ne ya juya wayar batir, Auta ya ce Babba ne ya sa jabu. To ku saurara. Murya tana shiga makirfo, taransistan ƙarshe ya ba ta ƙarfi, eriya ta watsa ta a iska. In ka danna maɓallin magana babu eriya, ƙarfin ya rasa hanyar fita, sai ya dawo ya cinye taransistan. Sau nawa na mari ƙeyarku kan wannan? To ni na cire eriyar da safe don in goge bakinta, aka kira ni, na manta. Auta ya zo ya danna. Na ji ƙaurin daga ƙofa, na san laifina ne, na yi shiru. Na ɗauka kwana biyu za ku huce. Ina na san taurin kanku ya kai nawa?

Na faɗa. Ku yafe mini. Ba zan maimaita ba.

Na biyar. Oba-oba ba ta jin mutum biyu lokaci guda. Muddin yatsanka na kan maɓalli, kurma ne kai. Da ɗayanku ya ɗaga yatsa ya ji ɗan'uwansa, da tun ranar kun gano ba ku ba ne, kun zo kun tsare ni. Ranar Asabar masu fito za su kawo rediyonsu, tana shaƙewa. Ku buɗe shago tare, ku gyara ta a tebur ɗaya.

Ke mai rubutu, ke kika fi su hankali, ki riƙe mini su, kada gidan nan ya rabu. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifiyarku da ta yi haƙuri da mu duka.

Na saki maɓalli. Saura ku.