Sun Ƙona Labarina

Laraba, bayan an kashe fitila

Haushi ya hana ni barci. Mako uku na yi ina rubuta labarin yarinyar da ke fitowa daga rijiyar bayan hostel tana kiran sunayen ɗalibai. Ƙirƙira na yi, don kaina kawai. Sai Siniya Rahila ta zaro littafin daga ƙarƙashin katifata, ta karanta wa 'yan aji ɗaya, har da canja murya. Yau da safe babu wadda ta yarda ta je ɗiban ruwa.

Matiron ta kira ni a gaban kowa. "Ke Saratu, shiru-shiru da ke, ina kika san waɗannan abubuwa in ba fita kike yi da dare ba?" Na buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Ta ƙona littafin, aka durƙusar da ni ana yi mini addu'a. Rahila ce ma ta ɗaga waƙa!

Abin da Kuyet ta yi ya fi yi mini ciwo, ita da gadonta ke saman nawa shekara uku. Na miƙa mata ƙuliƙulin da Mama ta aiko daga Manchok, sai ta ɓoye hannu. "Kada ki ji haushi, an ce kada mu karɓi abincinki."

An aika wa Baba ya zo ranar Asabar. Wannan karon zan yi magana. Ni ba mayya ba ce, kuma a gabansa Rahila za ta faɗi wanda ya tsorata yaran nan.