Ƙwan Zabi a Ruwan Soda

Limawa, Dutse
Litinin, 14 ga Yuli, 1997

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya damina? Ya nauyin jikin ƙanwata Hassana? Allah ya sauke ta lafiya. Malam Idirisu, ina gaishe ka, don Allah ka karanta wa Inna takardar nan da zarar ta shiga hannunka, kada ka ce sai ka dawo daga gona.

Inna, kada kowa ya taɓa sabulun da muka yi. Musamman guda shidan da na ajiye miki a farar fanteka don wankan jaririn Hassana. Ki tona rami ki binne su.

Ga abin da ya faru. Kin san matan ƙungiyar Ogbomosho da aka haɗa mu da su, suka zo Dutse suna koya wa ƙungiyoyin ƙauye sana'a. A zuwan farko malamarmu, Iya Sikiratu, ta ce a jiƙa soda a ruwa, a jefa ƙwai. In ya taso sama, ruwan ya yi, sai a zuba mai. Na koma Miga na koya wa matanmu goma sha biyu haka, ina hura hanci kamar ni na ƙago sabulu. To wa zai ɗauki ƙwan kaza a Miga ya jefa a soda, alhali ana jira ta ƙyanƙyashe? Ƙwan zabi muka saka, shi ne ko'ina da damina. Ya ƙi tasowa, muka yi ta ƙara soda har ya taso, muka yi guɗa.

Yau da muka dawo zagaye na biyu, kowa ta miƙa nata. Iya Sikiratu ta ɗan taɓa nawa da harshe, ta tofar, ta ruga tana kurkure baki. Da na yi mata bayani ta ɗora hannu a ka. Ashe ɓawon ƙwan zabi kauri gare shi, ba ya tasowa sai soda ta yi yawa. Ta ce sabulun nan zai saɓule fatar babba, balle ta jariri, in kuwa ya shiga ido sai dai Allah.

Ba zan iya tahowa ba, duk wadda ta rasa aji ɗaya za a cire ƙungiyarta. Na ba Gwadabe direba takardar nan. Ki gaida Hassana da kowa da kowa.

'Yarki,
Suwaiba

Limawa, Dutse
Laraba, 16 ga Yuli, 1997

Inna,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Da safe na je tasha, Gwadabe ya zaro takardata daga aljihu, duk ta jiƙe da gumi. Wai ruwa ya yanke hanya bayan Jahun, ya juyo. Yana washe baki yana yi mini barka, wai a bakin ruwan ya ji labarin Hassana ta sauka tun jiya, an samu mace. Inna, barka aka yi mini, ni kuma sai na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha.

Na san ki. Kin yi wata guda kina nuna wa baƙi fantekar nan kina cewa jikarki ba za ta yi wanka da sabulun kanti ba, sai wanda yayar uwarta ta yi da hannunta. Na san kuma ke za ki yi mata wankan da kanki, safe da yamma. Duk na rufe ido sai in gan ki kina murza shi a soso.

Ban koma aji ba yau, su cire mu in za su cire. Na shiga mota har Jahun, na tsaya bakin ruwan ina roƙon masu kwalekwale. Suka ce ruwan yana da ƙarfi, ba za su ɗauki mace ba. Wani masunci dattijo, Malam Bunu, ya ga ina kuka ya ce zai haye da takardar farko, ya kai har ƙofar gida. Wannan kuma ina rubuta ta ne don na rasa wanda zan gaya wa, ban san ranar da za ta iso ba.

Ya Allah ka sa kin manta inda kika ajiye fantekar. Ki shafa mini kan yarinyar.

'Yarki,
Suwaiba

Limawa, Dutse
Litinin, 21 ga Yuli, 1997

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jaririya. Ba zan tambaye ki ya jiki ba, don na san za ki ce da sauƙi.

Ruwa ya janye daga hanya, Hindatu maƙwabciyarmu ta zo Dutse sayayyar suna, ta neme ni. Ta ce yarinya lafiya lau, fata sumul, na yi sujada a tsakar gida. Sannan ta ce sai dai ke, ruwan wankan jego ya zubo miki a hannu biyu, fatar ta saɓule har wuyan hannu, ba kya iya riƙe ludayi.

Inna, mata nawa kika yi wa wankan jego a Miga, ruwa bai taɓa ƙona ki ba? Na matsa wa Hindatu da tambaya. Ta ce ranar haihuwa kin daɗe a bayan ɗaki kina wanke zannuwan Hassana, kika fito hannu a naɗe cikin zani, kika aika a sayo sabulun salo. Tun kafin Malam Bunu ya iso ke nan. Kin ji sabulun nawa yana cin ki, kin gane, kuma kika ƙarasa wankin don kada a tambaya. Kika tattara sauran sabulun daga gidajen matanmu, wai bai gama bushewa ba, kika ɗora wa ruwan zafi laifi don kada a ce 'yarki ta je birni ta koyo cuta.

Ba a cire mu ba. Iya Sikiratu ta tsaya mini, ta ce su ma da laifinsu, sun zo koyarwa ba su tambayi irin ƙwan da muke da shi ba. Za ta biyo ni Miga mu sake daga farko.

Malam Idirisu, Hindatu ce za ta kawo maka takardar nan yau. Gobe ranar suna matan ƙungiya duk za su hallara. Ka karanta musu wannan da ƙarfi, ko Inna ta hana ka. Ki yafe mini, Inna, zan ƙaryata ki a gaban mutane. Ba ruwan zafi ba ne ya ƙona ki, ni ce.

Ki bar wanki da daka, ina nan tafe ranar Juma'a. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yarinya.

'Yarki mai neman gafara,
Suwaiba